Lambun Da Ya Kalli Kudu

Kobus ya zube turakun a kan teburin kofi, da ƙasarsu da komai, har ɗaya ya mirgina ya tsaya jikin gwangwanin biskit ɗin Gwaggo Leuntje.

"Baba Marinus, ga aikin wanda kake shirin ba wa 'yarka."

Lahadi ce, an taso daga coci. Mu iyalai goma sha takwas 'yan Holan muna cunkushe a ɗakin da muke taruwa, bayan wani sito kusa da tashar jiragen ruwa ta Bahía Blanca, can a kudancin duniya. Anselmo na tsaye bakin ƙofa da hularsa a hannu. Shi magini ne, ɗan garin, kuma shi aka ba aikin auna filin da muka samu a bayan gari, ya kafa turakun gidaje yadda zanen Baba ya nuna. Lahadi mai zuwa ce ranar da zai kawo mahaifiyarsa neman aurena.

Kobus ya gyara murya ya yi bayani dalla-dalla, kamar mai wa'azi. Wai ya leƙa filin ne kawai da kamfas ɗinsa na jirgin ruwa, mai nuna kudu da arewa, sai ya tarar an juya kowane gida. Lambunan da ya kamata su kalli kudu duk an mayar da su arewa.

Ɗakin ya kaure da surutu. Wata tsohuwa har da dafe ƙirji.

Baba ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya dubi Anselmo ya tambaye shi ko gaskiya ne.

Na zuba masa ido. Cikin raina ina cewa yi magana mana, rabin raina, buɗe baki ka wanke kanka...

"Kuskurena ne, Dattijo," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ka yi haƙuri."

Ƙarya yake. Na san ƙarya yake. Mutumin da ko burodi zai yanka sai ya gwada da ido sau biyu, shi ne zai juya unguwa guda bisa kuskure?

"Wanda bai san kudu da arewa ba, ba zai gina mini unguwa ba," in ji Baba. "Ka gaya wa mahaifiyarka kada ta wahalar da ƙafarta."

Anselmo ya sa hularsa ya fita. Ko inda nake bai kalla ba. Gwaggo ta rufe gwangwanin biskit da ƙarfi, tana ƙoƙarin ɓoye murmushi.

Zanen nan ba takarda ba ce kawai a wurin Baba. Ya yi shi ne a makarantar da aka zube mu bayan ambaliya ta cinye ƙauyenmu na yankin Zeeland a Holan, ta tafi da shanunmu, ta tafi da Mama. Bai yi kuka ba. Ya nemi takardar naɗe kaya da fensir, ya zauna yana zana unguwar da za mu gina a duk ƙasar da ta karɓe mu.

Ba abin da ya manta. Gidaje na jan bulo, ƙofofi kore, manyan tagogi babu labule, domin a ganinsa mai rufe taga akwai abin da yake ɓoyewa. Magudanar ruwa a tsakiyar titi da 'yar gada a kanta, ko da babu ruwan da za a tsallaka. Wurin jingine kekuna. Shagon cuku. A gefe ya rubuta dokoki: Litinin wanki, Asabar goge dandamalin ƙofa, Lahadi kuwa ko kare ba shi da izinin haushi. A bayan kowane gida ya ja kibiya da jan fensir tana nuna kudu, a bayan namu kuma ya zana ƙaramin benci jikin bango, irin wanda Mama ke zama tana feraye dankali a rana.

A wurinmu lambun kudu ba abin wasa ba ne, domin a Holan rana ta kudu take bi. Uwar budurwa kan tambayi saurayi inda lambunsa ya kalla tun kafin ta tambayi sana'arsa.

Gida ɗaya ne tak ya ƙi bin ƙa'ida, na kusurwa, saboda layin dogo ya matse shi dole lambunsa ya kalli arewa. Ranar rabo kowa ya sunkuyar da kai. Sai Kobus Minderhoud ya ɗaga hannu, da gashinsa mai sheƙin mai, ya ce shi zai ɗauka don 'yan'uwa su huta. Tun ranar Baba ke kiransa ɗana, tun ranar kuma Gwaggo ta sa ni gaba.

Kullum maganarta ɗaya ce. Kobus ɗan gida ne, ya san zabura, ya san dankali. Anselmo kuwa ɗan Katolika, yana cin nama kamar gobe za a hana, kuma in ya ce ƙarfe uku sai ka gan shi ƙarfe huɗu yana murmushi. Ni dai babu mai aurar da ni dole, shekarata ashirin da uku. Amma ni kaɗai ruwa ya bar wa Baba, kuma na san in na bi Anselmo ba da yawunsa ba, na binne shi da ransa.

Kwana uku na yi ina tafasa. Ranar Laraba, da aka ba mu hutun abincin rana a ɗakin wankin otal ɗin da nake aiki, na cire rigar aikina na nufi inda yake gini. Na same shi kan tsani. Ban ko gaishe shi ba.

"Sauko."

Ya sauko yana goge hannu a wando. Ya ce, "Mina, hasken idona..."

"Ka riƙe hasken idonka. Me ya sa ka yi ƙarya?"

Maimakon ya amsa, sai ya ja ni tsakiyar titi ya ce in tsaya in dubi inuwata. Na ce masa ban zo wasan yara ba. Ya ce in dai duba.

Na duba. Ga ta nan shimfiɗe, doguwa, ta miƙe wajen teku.

"Teku kudu yake," ya ce a hankali. "Yanzu tsakar rana ne. Ina ranar take?"

Na juya. Tana bayana.

Tana arewa.

Sai da na nemi tarin bulo na zauna. Wata goma sha biyar ina ƙasar nan. Na san muna Kirsimeti cikin gumi, na san sanyi a watan Yuni yake zuwa, amma ban taɓa haɗa wannan da wancan ba. Ina zan haɗa? Ɗakin hayarmu tagarsa bango take kallo, wurin aikina ƙarƙashin ƙasa yake, Baba kuma tun asuba yana cikin ɗakin sanyi na mahauta. Mu baƙi ne, gabas ma ba mu sani ba balle kudu.

Anselmo ya ce daga kudu babu abin da ke zuwa sai iska mai yanka fuska. In aka gina yadda zanen yake, bango zai yi danshi, yara su yi ta tari, ko albasa ba za ta fito a lambun ba. Shi ya sa ya juya turakun shiru. Tunaninsa tsoho zai shiga gidansa ya tarar da rana a kan bencinsa, ya mutu bai san an taɓa komai ba.

"To da aka kama ka fa? Me ya hana ka faɗa?"

"A gaban mutanensa? Mina, a nan ba a yi wa dattijo haka. Ya nuna mini bencin nan da yatsansa, ya ce na mahaifiyarki ne. Ta yaya zan tsaya cikin taro in ce masa ya ajiye ta a inuwa?"

Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

"Wato ka mayar da ubana yaro. Za ka lallaɓa shi kamar mai ba jariri magani. Mu a wurinmu in mutum ya yi shirme gaya masa ake a fuskarsa, sannan a miƙa masa kofi. Kai kuma saboda ladabi ka ajiye ni a kan tebur tare da turaku ka yi tafiyarka."

"Ban ajiye ki ba."

"Ka ajiye ni. Kunyar Baba ta fi ni nauyi a wurinka."

Ya miƙo hannu na kauce. Na gaya masa in har yana sona, ya zo ya faɗa da bakinsa a gaban waɗanda ya yi ƙaryar a gabansu. In ba zai iya ba, to ya manta ya taɓa sanin wata Mina. Na tafi ina kuka, ina jin haushin kukan.

A hanya ne wani abu ya faɗo mini. Kobus shekara shida ya yi a jiragen dakon kaya.

Na tare shi washegari a bakin sito yana goge kekensa. Na tambaye shi kai tsaye ko ya san inda rana take tsayawa a ƙasar nan. Bai ko razana ba. Ya yi 'yar dariya ya ci gaba da goge ƙarfen.

"Ba wanda ya tambaye ni, Mina."

"Shi ya sa ka ɗauki gidan kusurwa."

"Shi ya sa matata za ta shanya wankinta ya bushe, na sauran ya yi wari. Ki yi tunani. Gida ɗaya ne zai ga rana a unguwar nan, kuma ƙofarsa a buɗe take gare ki."

Na ce masa gara in kwana cikin magudanar ruwan Baba. Da ina da abu a hannu da na rotsa masa kai, amma jakar aiki kawai nake riƙe da ita, ita ɗin ma na jefe shi da ita.

Da yamma na faɗa wa Baba komai a kan tebur. Ya ci gaba da murƙushe dankalinsa da cokali mai yatsu. Ya ce yaron da bakinsa ya amsa kuskure ne, kuma ba zai rushe aikin shekara biyu don 'yarsa ta kamu da so ba. Gwaggo ta ƙara da cewa yarinyar da ke soyayya ko rana ce sai ta juya ta. Na tashi na bar abincin, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni.

Aka mayar da turaku yadda zane ya ce. Kowace Asabar maza suka riƙa fita suna gina gida na farko, namu. Mako ɗaya, biyu, huɗu... Anselmo shiru. Ko wasiƙa. Na tsane shi da safe, na yi kewarsa da rana, da yamma in sake tsanarsa. Na ƙona rigar wani baƙon otal da dutsen guga saboda ina masa faɗa a cikin raina.

Abin da ya fi ci mini rai ma ba shi ba ne. Mutanenmu ne. Tun bango ya fara tashi na ga maza suna satar kallon inuwarsa suna kawar da kai. Sun gani sarai. Mu ɗin nan masu cika baki cewa ba ma ɓoye magana, mu da za mu gaya wa amarya rigarta ba ta yi mata kyau ba ranar bikinta, ga shi an rasa mutum ɗaya da zai tunkari Marinus Louwerse.

A mako na shida aka ɗora itacen ƙololuwar rufi. Kamar yadda muka saba, aka kafa tuta a samansa, aka gayyaci kowa. Baba ya ƙera benci da hannunsa, ya sa aka ajiye jikin bangon kudu, ya ce a nan za a sha kofin tsakar rana.

Muka taru a lambun.

Sama tas take, babu gajimare ko ɗaya, amma inuwar gidan ta rufe mu gaba ɗaya har ta wuce shinge. Iska ta taso daga teku tana shiga ta ƙarƙashin riguna. Mata suka ƙanƙame kofuna da hannu biyu. Haƙoran wata yarinya na kaɗawa, uwarta ta ce ta yi shiru. Baba na zaune kan benci ya miƙe wuya, ya ciro agogon aljihu ya duba, ya dubi sama, ya mayar. Kobus na gefensa yana yaba ƙarfin bango.

Ba wanda ya ambaci inuwar. Na ji kamar in kurma ihu.

Sai na hango shi. Yana tahowa ta cikin ciyawa daga inda motar haya ke tsayawa, sanye da baƙar kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da ita. Fuskarsa ta faɗa. Ya ratsa taron ya tsaya gaban benci, ya cire hula.

Da yarenmu ya yi magana. Ashe makonnin nan haddace ta yake, wurin wani tsohon matuƙin jirgi. Kowace kalma ta fito a karye, amma ba wanda ya yi dariya.

"Dattijo, na yi maka ƙarya. Ban yi kuskure ba. Kai ne ka yi. A ƙasar nan rana arewa take. Unguwarka kyakkyawa ce, amma ta juya wa rana baya. Kuma ina son 'yarka, ba zan daina ba."

Gwaggo ta saki cokali.

Baba ya tashi tsaye. Kunnuwansa suka yi jajir, na ce yau sai an raba. Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa na Anselmo.

"Ka ɗauka makaho ne ni? Tun bangon nan yana ƙuguna na gani."

Ya juya kan taron. "Ku ma kun gani. Kai Joos, ka gani. Kai malamin makaranta, ka gani. Mako shida ina ɗora bulo ina jiran mutum ɗaya ya kama hannuna ya ce Marinus, kai wawa ne. Kuka bar ni ina gini."

Na so in ce ai ni na faɗa maka, Baba, ka ci gaba da cin dankali. Na haɗiye, amma har yau ban yafe wannan ba.

Sai ya waiwayi Kobus ya tambaye shi shekara nawa ya yi a teku. Kobus ya ce shida. Ya tambaye shi sau nawa ya sauko wannan ɓangare na duniya kafin mu zo. Kobus ya shafa gashinsa, ya fara cewa ai ba wanda ya tambaye shi. Baba bai bari ya ƙarasa ba, ya kawar da kai kamar babu kowa a wurin. Gwaggo kuwa da ta zo zagayawa da biskit sai ta tsallake shi, ita da ta yi wata takwas tana yi masa kamfe a kunnena.

Baba ya koma kan Anselmo.

"Kai kuma. Tausayina ka ji. Wa ya roƙe ka? Ruwa ya ci gidana ban nemi tausayin kowa ba, sai kai ɗan jiya? Ba don arewa na kore ka ba. Na ga ƙarya a idonka ranar nan, na ce ba zan ba 'yata mutumin da zai riƙa lallaɓa ta yana murmushi ba."

"Na gane, Dattijo."

"Ba ka gane komai ba. Kama can."

Ya sunkuya ya ɗaga gefe ɗaya na bencin. Anselmo ya kama ɗayan. Suka zagaya gidan, tsoho na gaba yana haki yana masifa cewa ana tura shi, mu duka muna biye kamar agwagi.

Da muka karya kusurwar sai rana ta dake mu.

Ɗumi, mai kyau, har cikin ƙashi. Babu iska ko kaɗan. Mata suka saki kafaɗa, yarinyar nan ta daina karkarwa. Ga bangon arewa tsaye, babu taga, babu ƙofa, yana shan rana shi kaɗai a banza.

Suka ajiye bencin. Baba ya zauna ya rufe ido, ya ɗaga fuska. Ya daɗe a haka. Na ga ruwa ya gangaro ta gefen hancinsa, na yi kamar ban gani ba, kowa ma ya yi kamar bai gani ba.

Idonsa a rufe ya ce za a toshe babbar tagar can, a fasa wannan bangon, a tumɓuke turakun sauran gidaje a juya su. Ya ce Anselmo ya zo Litinin da sassafe.

"Asabar, Dattijo. Litinin ina da aiki."

Baba ya buɗe ido ɗaya ya dube shi tun daga hula har takalmi.

"Asabar," ya ce. "Ƙarfe bakwai. Bakwai irin tamu, ba irin taku ba."

Anselmo ya lallaɓo gefena ya tsaya. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Rabin raina, kin huce?"

"Mako shida, Anselmo."

"Yarenku da wuya..."

"Mako shida ina zaton ka bar ni. Ko layi ɗaya."

"Na ji tsoro in rubuta in kasa zuwa."

Na ce masa ya matsa, yana tare mini rana. Bai matsa ba. Ya kama yatsuna cikin tafinsa mai kaushi, ni kuma na ƙi ƙwacewa, ina ta hararar layin dogo don kada ya ga fuskata.

A gidanmu baƙo yana shan kofi, amma ƙarfe shida na yi sai a raka shi ƙofa. Dankali ƙidaye yake, kowa da nasa, kuma ba ya zama a teburinmu sai ɗan gida. Wata takwas Anselmo na zuwa, bai taɓa ganin cikin tukunyarmu ba.

Baba ya kira ƙanwarsa ba tare da ya juyo ba.

"Leuntje. Yau ki feraye na mutum huɗu. Lahadi kuma na biyar, uwarsa za ta zo."